Kwana tara daga tsohon faifai zuwa SSD: yadda aka sake girka Windows a kan wata kwamfuta

## Kwamfutar da mai ita

Wata mata ce mai sana'ar fassara, kuma aikinta kaf a kan kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya yake. Kwamfutar ƙirar 2018 ce: furosesa Intel Core i5 na zubi na 8, RAM 8GB, sai faifan ajiya irin mai juyawa, wato HDD, mai faɗin inci 2.5 da girman 1TB, wanda ke juyi 5,400 a minti ɗaya. Da Windows 10 Home ta zo daga kamfani, kuma ba a taɓa sake girka mata babbar manhaja ba tun da aka ciro ta daga kwali. Bayanan da ke kanta sun kai 310GB. Kusan 90GB daga ciki na aiki ne: takardun fassara, ƙamus ɗin da ta yi shekaru tana haɗawa da hannunta, da akwatin wasiƙunta. Sauran hotuna ne da bidiyo da manhajoji, da tarkacen shekara bakwai da ba wanda ya taɓa sharewa.

Lamarin ya faru ne a Satumbar 2025, kusan wata guda kafin 14 ga Oktoba, ranar da Microsoft ya sa don daina tallafa wa Windows 10. Ni an kira ni ne a rana ta uku. Abin da ya gabata kafin nan, daga bakinta da na ƙanenta na ji shi.

## Wata uku kafin a buɗe kwamfutar

A hankali abin ya fara. Daga danna maɓallin kunnawa zuwa lokacin da za ta iya buɗe takarda, minti biyu ya zama uku, uku ya zama huɗu da 'yan daƙiƙu. In ta buɗe Task Manager, tagar da ke nuna yawan aikin da kowane sashen kwamfutar ke yi, sai ta ga layin faifai a manne da kashi 100, alhali furosesa ba ta wuce kashi 15 ba. Daga baya sai wani sauti ya biyo baya, ƙwas-ƙwas daga ɓangaren da tafin hannu ke sauka, kuma duk sanda ya yi sai kwamfutar ta sandare na rabin minti.

Ƙanenta, wanda shi ne mai taɓa kwamfuta a gidan, ya gwada abin da kowa zai gwada. Ya binciki ƙwayar cutar kwamfuta, bai samu komai ba. Ya hana manhajoji goma sha ɗaya tashi tare da Windows, abin da ya rage kusan daƙiƙa 20. Ya share fayilolin wucin gadi. A ƙarshe ya sa Windows ta tattara fayilolin da suka warwatse a kan faifan, aikin da ya kwana yana yi bai gama ba. Washegari sautin ya ƙaru.

## Rana ta 1: faifan ya faɗi ciwonsa da bakinsa

Kowane faifai yana da ɗan littafin lafiyarsa da ake kira SMART, inda yake ƙirga abubuwan da suka same shi. Ƙanen ya sauke CrystalDiskInfo, manhajar kyauta mai karanta wannan littafi. Shuɗi a cikinta na nufin lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa ta ƙare. Faifan ya fito ruwan ɗorawa. Layi biyu ne suka jawo hakan. Layin 05, mai ƙirga gurabe (ƙananan wuraren da faifai ke rubuta bayanai) da suka lalace har faifan ya musanya su da na ajiya, ya nuna 184. Layin C5, mai ƙirga guraben da faifan ya kasa karantawa kuma bai musanya ba tukuna, ya nuna 32.

Na biyun ne abin tsoro. Gurbin da aka musanya ya wuce, an rufe babinsa. Wanda ke jira kuwa akwai bayanan wani a cikinsa, kuma duk sanda Windows ta nemi wannan wuri sai kan karatun faifan ya yi ta komawa yana sake gwadawa. Wannan komawar ce sautin da take ji, ita ce kuma sandarewar.

A nan suka yi abin da ya ceci komai daga baya. Ta ce masa kafin a taɓa komai a fitar mata da aikinta. Ya haɗa faifan waje, ya fara da jakar fassara da ƙamus da wasiƙu, ya bar hotuna sai ƙarshe. Kwafi na farko da ya yi ta hanyar ja da linzami ya tsaya cak a kan fayil ɗaya. Sai ya koma ga robocopy, umarnin da ke cikin Windows tun asali. Akwai tarko a cikinsa: in ba a gaya masa ba, duk fayil ɗin da ya ƙi karantuwa zai sake gwada shi sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Ya ƙara /R:1 da /W:1, wato a gwada sau ɗaya kawai, a jira daƙiƙa ɗaya, a wuce. Cikin awa biyar komai ya fita ban da fayiloli 11: hotuna tara da takardu biyu.

Ita kuma ta zauna da takarda da biro ta rubuta sunayen manhajojin da take aiki da su da lambobin lasisinsu, sannan ta fitar da kalmomin sirrin da burauzarta ta adana.

## Rana ta 2: zaɓen SSD da saka shi

Hanya biyu ce a gabansu. Ko dai a cire tsohon faifan a saka SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, mai inci 2.5 a mazauninsa, wanda ke bin layin SATA da tsohon faifan ke jone da shi kuma gudunsa ba ya wuce kusan 550MB a daƙiƙa, ko kuma a yi amfani da ramin M.2, wato mazaunin siririn SSD da ke kan babban allon kwamfutar, wanda yake fanko tun daga kamfani. Ramin M.2 yana da yaudara: siffarsa kusan ɗaya ce, amma wani SATA kawai yake ji, wani NVMe kawai (hanyar haɗi da ta fi SATA sauri), wani kuma duka biyun. Mutum zai iya sayen SSD ya shiga ramin daram, kwamfutar kuma ta yi kamar ba a saka mata komai ba. Ƙanen ya duba littafin gyaran kwamfutar kafin ya saya, ya ga ramin yana karɓar NVMe mai girman 2280, wato milimita 22 a faɗi da 80 a tsawo. Suka sayi mai 500GB.

Sakawar ba ta kai minti 20 ba. Ya kashe kwamfutar gaba ɗaya, ya kwance murfin ƙasa, ya zare wayar batir daga allo, ya soka SSD ɗin a karkace, ya kwantar da shi ya ɗaure da ɗan sukurunsa guda. Tsohon faifan yana nan a inda yake. Da aka kunna, Windows ta ga sabon a matsayin 465GB, har matar ta tambayi ƙanen ko an cuce su. Ba cuta ba ce, lissafi ne ya bambanta: masu ƙerawa suna ƙirga gigabait ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000, Windows kuwa 1,073,741,824 take ƙirgawa.

## Daren rana ta 2 zuwa rana ta 3: kwafe faifai sukutum

Tana da aikin da za ta miƙa a ƙarshen mako, ba ta son sake saita komai daga farko. Don haka ƙanen ya zaɓi kulonin, wato a kwafe tsohon faifan sukutum da guda zuwa sabon, da Windows ɗin da manhajojin da saitunan, yadda in an kunna za ta tarar da teburinta kamar yadda ta bar shi. Da yake 310GB ne kawai ke kan faifan 1TB ɗin, manhajar kulonin ta yarda ta matse shi cikin 500GB.

Gwaji na farko ya tsaya a kashi 63 bayan awa huɗu, da saƙon cewa an kasa karanta faifan asali. A gwaji na biyu ya kunna zaɓin tsallake guraben da suka lalace. Wannan ya ci awa bakwai, ya kuma kai ƙarshe. Kwamfutar ta tashi daga SSD cikin daƙiƙa 25. Ya kira ta: “Yaya, zo ki gani, an gama.”

Murnar ba ta kai azahar ba. Maɓallin Start wani lokaci ya buɗe, wani lokaci ya ƙi. Manhajar wasiƙu tana rufe kanta da zarar an buɗe ta. Sabuntawar Windows ta faɗi sau uku a jere. Ya buga sfc /scannow, umarnin da ke duba fayilolin Windows, ya dawo da amsar cewa ya sami fayiloli lalatattu kuma akwai waɗanda ya kasa gyarawa. Da aka sake duba SMART na tsohon faifan, layin C5 ya tashi daga 32 zuwa 211. A nan ne aka kira ni.

Da na zo, ta tambaye ni, “Malam, sabon ne ba shi da kyau?” Na duba shi, shuɗi ne, lafiyarsa kashi 100. Abin da aka zuba masa ne mai ramuka. Tsallake gurbi ba gyara shi ba ne. Inda aka tsallake, fanko ake rubutawa a madadinsa, kuma wasu daga cikin guraben nan a tsakiyar fayilolin Windows suka faɗo. Muka yanke shawarar girka sabuwa fil. Da yake furosesar tana cikin waɗanda Windows 11 ke karɓa, akwai TPM 2.0 a kwamfutar, wato sashen tsaron da Windows 11 ke buƙata, RAM ɗinta kuma ya ninka 4GB da ake buƙata, ba mu ga dalilin girka Windows 10 da ya rage mata wata guda ba.

## Rana ta 4, da safe: filash ɗin girkawa

Ƙanen ya riga ya sauke fayil ɗin ISO na Windows 11, wato fayil guda mai ɗauke da duk kayan girkawa, ya buɗe shi yana kwafe abin da ke ciki zuwa filash. Kwafin ya tsaya a kan fayil ɗaya, install.wim, da saƙon cewa ya fi ƙarfin filash ɗin, alhali filash ɗin 32GB ne kuma fanko. Matsalar tsarin fomatin ce. FAT32, wanda kwamfutoci masu UEFI (manhajar allo da ke fara tayar da kwamfuta) suka fi sauƙin tashi daga gare shi, ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce 4GB, wannan fayil kuwa ya wuce. Muka bar wannan hanya muka ɗauki Media Creation Tool na Microsoft, wanda ke shirya filash ɗin da kansa yadda zai dace. Filash mai 8GB ya ishe shi, amma yana goge duk abin da ke kai.

## Rana ta 4, da rana: girkawa

Muka tashi kwamfutar daga filash. Ba a tambaye mu lambar lasisi ba, domin tun zamanin Windows 8 kamfanoni ke binne ta a cikin allon kwamfutar. Manhajar girkawa ta karanta ta, ta zaɓi Home da kanta.

Da aka zo shafin zaɓen inda za a girka, faifai ɗaya ne kawai a jerin, tsohon. SSD ɗin da jiya Windows ta tashi daga kansa ya ɓace. Muka koma saitunan BIOS, wato shafin saita UEFI ɗin, muka tarar tsarin ajiya yana kan RST na Intel. A wannan tsari SSD ɗin yana ɓoye a bayan wani mai kula da zirga-zirgar bayanai wanda sai da direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke ba Windows damar magana da shi, ake ganin abin da ke bayansa. Tsohuwar Windows ɗin tana da direban tun daga kamfani, filash ɗin kuwa ba shi da shi. Ana iya sauke direban a ɗora shi a wannan shafi, kuma a kwamfutoci da yawa masu furosesa zubi na 11 zuwa sama, inda abin ke zuwa da sunan VMD, haka ake yi. Tamu tana da zaɓin AHCI, tsarin da ba ya ɓoye SSD ɗin, sai muka juya ta can. SSD ya bayyana.

Na goge duk yankunan da kulonin ya bari a kansa, ɗaya bayan ɗaya, ina duba girma kafin kowace gogewa don kada hannu ya zame zuwa tsohon faifan. Ya zama fili guda na 465GB. Na zaɓe shi na danna ci gaba. Ƙanen ya tambaya ko a cire tsohon tukuna. Ita kuma tana son a bar shi don ta ƙara gwada ciro hotunan nan tara, murfin kwamfutar kuma sukuru goma ne. Na ce a bar shi, ai ba shi muka zaɓa ba.

Kwafe fayiloli da sake tashi sau biyu sun ɗauki minti 14. A shafin saitawa Windows 11 Home ta nemi intanet da asusun Microsoft, amma ba ta ga katin Wi-Fi ba. Muka jona wayar matar da kebul muka ba kwamfutar intanet ta nan, ta shiga asusunta, Windows Update kuma ya sauko da direban Wi-Fi da na sauti da na linzamin taɓawa. Lasisi ya kunna kansa ba tare da an buga komai ba.

## Rana ta 5 zuwa ta 7

Kwana uku ba abin da ya faru sai aiki. Ta mayar da fayilolinta daga faifan waje, ta girka manhajojinta tana bin takardar da ta rubuta, ta miƙa fassarar a kan lokaci. Daga maɓalli zuwa tebur daƙiƙa 19. Takardun nan biyu da suka ƙi kwafuwa ta same su a cikin wasiƙun da ta taɓa aikawa. Cikin hotuna tara, uku sun fito a gwaji na biyu.

Na duba TRIM, hanyar da Windows ke sanar da SSD wuraren da aka goge don ya share su tun kafin a buƙace su. Umarnin fsutil behavior query DisableDeleteNotify ya dawo da 0, ma'ana yana aiki. Na kuma gaya wa ƙanen ya daina tunanin tattara fayiloli da hannu: SSD ba shi da kan karatu mai yawo, kuma Windows tana gane shi ta yi masa irin kulawar da ta dace da shi duk mako.

## Rana ta 8: kwamfutar ta ƙi tashi

Da safe ta kunna, sai baƙar fuska da layi ɗaya mai cewa ba a sami inda za a tashi daga gare shi ba. Ta kashe ta kunna, ta tashi. Da yamma ta sake ƙi, wannan karon sau biyar a jere. Sautin ƙwas-ƙwas ya dawo tun kafin tambarin kamfani ya bayyana.

A BIOS, SSD ɗin yana nan a jerin faifai, tsohon kuwa yau a gan shi, anjima a rasa shi. Abin da ya ɗaure wa ƙanen kai shi ne, duk sanda tsohon ya ɓace, Windows Boot Manager, wato zaɓin da ke tayar da Windows, shi ma sai ya ɓace daga jerin tashi. Me ya haɗa faifan da ba a girka sabuwar Windows a kansa ba da tashin kwamfuta?

Amsar tana cikin yadda UEFI ke aiki. Ba ya zuwa kai tsaye inda Windows take. Yana neman wani ɗan ƙaramin yanki mai tsarin FAT32 da ake kira yankin EFI, yawanci 100MB zuwa 260MB, inda fayilolin tashi suke. Su ne ke nuna masa hanyar zuwa Windows. In manhajar girkawa ta tarar da irin wannan yanki a wani faifan da ke jone, takan yi amfani da shi maimakon ta ƙirƙiri sabo. Ni da hannuna na goge wanda kulonin ya kwafa zuwa SSD, na kuma bar tsohon faifan a jone da nasa. Windows tana kan sabon faifai, ƙofar shiga gare ta tana kan mai mutuwa.

## Rana ta 9: gina ƙofa a kan SSD

Zaɓi biyu ne: a sake girkawa daga farko, a yi asarar saitin kwana uku, ko a gina wa SSD ɗin nasa yankin EFI. Muka ɗauki na biyu. Wannan karon sai da aka kwance sukuru goman, aka zare batir, aka cire tsohon faifan gaba ɗaya aka ajiye shi a gefe.

Muka tashi daga filash, muka bi zaɓin gyara kwamfuta zuwa tagar buga umarni. Kafin ta buɗe, sai aka nemi mabuɗi mai lambobi 48 na BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai. Ita ba ta ma san faifanta a kulle yake ba. Daga Windows 11 24H2, wadda ta fito a Oktobar 2024, sabuwar girkawa kan kulle faifai da kanta a kwamfutoci da yawa, har da na Home, da zarar an shiga da asusun Microsoft, ta kuma ajiye mabuɗin a cikin asusun. Ta shiga asusun daga wayarta, muka same shi a shafin na'urorinta, rukuni takwas kowanne lamba shida. Da a ce ta manta kalmar sirrin asusun, da labarin ya canza a nan.

Cikin diskpart, manhajar Windows ta sarrafa yankunan faifai, umarnin list partition ya tabbatar da zargin: SSD ɗin yana da ɗan yankin da Windows ke keɓewa na 16MB, da babban yankin Windows, da yankin gyara, babu na EFI. Muka zaɓi babban yankin muka buga shrink desired=300 don tsakuro masa 300MB. Sai create partition efi size=260, sannan format fs=fat32 quick, sannan assign letter=S. Kafin mataki na ƙarshe muka duba harafin da yankin Windows ya samu, domin a wannan taga ba lallai ya zama C ba. Namu C ɗin ne. Muka fita daga diskpart muka buga bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. Ya amsa cewa an ƙirƙiri fayilolin tashi.

Aka zare filash. Kwamfutar ta sake neman mabuɗin sau ɗaya, ta shiga, daga nan ba ta ƙara nema ba. Muka kashe muka kunna sau goma a jere muna ƙirgawa: tsakanin daƙiƙa 13 da 15. Daƙiƙu biyar ɗin da suka ragu daga 19 lokacin da kwamfutar ke ɓatawa ne tana jiran tsohon faifan ya amsa. Gyaran duka, har da kwance murfi da ɗaurewa, minti 40.

## Abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba, da dalili

Gyare-gyaren watanni ukun farko ba su da laifi a kan kansu, sai dai ba wurin ciwon suka taɓa ba. Ɗaya daga cikinsu ya yi ɓarna: tattara fayiloli yana sa faifai ya karanta ya sake rubuta kusan ko'ina, kuma ba a yi wa faifai mai gurabe lalatattu haka. Duba SMART minti biyu ne, da an fara da shi da an san inda aka dosa tun a makon farko.

Kulonin hanya ce mai kyau ga faifai mai lafiya, ni ma nakan bi ta. A nan ba ta da yadda za ta yi nasara, tun da abin da za a kwafa ya riga ya huje. Ta ci awa goma sha ɗaya, ta kuma tilasta wa faifan dogon karatu har sau biyu, kuma bayan nan ne guraben da ke jira suka ninka fiye da sau shida. Da ba a riga an kwashe aikinta a rana ta farko ba, da fayilolin da aka rasa sun fi goma sha ɗaya nesa ba kusa ba. Ita ce ta dage a kan hakan, ba mu masu taɓa kwamfutar ba.

Matsalar filash da ta RST ƙanana ne. Kowacce ta nuna kanta nan take, aka warware ta cikin mintuna. Ta rana ta takwas ce mai haɗari, domin ta yi kwana uku a ɓoye komai yana tafiya daidai, kuma tawa ce. Ƙanen ya yi tambayar da ta dace, na amsa da ƙyuyar kwance sukuru goma. Da na buɗe Disk Management, tagar da ke nuna yankunan kowane faifai, bayan girkawa na duba a kan wane faifai yankin EFI yake, da na gani a ranar. Yanzu ba na girka babbar manhaja sai faifan da za a girka a kai ne kaɗai a jone. Sauran a mayar da su bayan an tashi sau ɗaya lafiya.

Saurin da ta samu kuwa ba daga manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali ya zo ba. NVMe a kan layin PCIe 3.0 mai hanya huɗu yana iya kaiwa kusan 3,500MB a daƙiƙa, tsohon faifan kuma wajen 100MB, amma tashin Windows da buɗe manhaja ba karanta babban fayil guda ba ne, tsintar dubban ƙananan fayiloli ne daga wurare daban-daban. Faifai mai juyi 5,400 yana ɗaukar kusan milisakan 11 kafin ya zagayo sau ɗaya, ga kuma lokacin da kan karatu zai yi tafiya zuwa layin da ake nema. SSD yana kai wa ga kowane wuri cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Don irin aikinta, da SSD na SATA suka saya ma da wuya ta ji bambanci da wannan.

Ta buga mabuɗin BitLocker a takarda ta ajiye tare da lambobin lasisinta, ta kuma sa faifan waje yana karɓar kwafin jakar aikinta duk Juma'a. Mazaunin inci 2.5 na kwamfutar fanko yake yanzu. Tsohon faifan an saka shi a akwatin USB don a goge shi da umarnin clean all na diskpart kafin a yar, tun da takardun abokan hulɗarta suna kai ba a kulle ba, amma ya daina amsawa a tsakiyar gogewar. Ƙanen ya kwance shi ya fasa farantin da ke ciki. Hotuna shida ba su dawo ba.